Kabad Mai Kwaɗo

Mu biyu ne, wa da ƙane, tsiranmu shekara biyu, kuma a Omdurman aka yanke mana cibiya a farkon shekarun 1970. Duk wanda ya taɓa shiga falonmu na Umbadda kafin yaƙi ya san kabad ɗin nan na katako mai ƙofar gilashi da ke jingine da bangon gabas. Ba tangaran ne a ciki ba, ba kuma littattafai ba. 'Yan tsana ne na roba da na ƙarfe, sojoji da jarumai da dodanni, guda 214, kowanne a tsaye a gurbinsa. Baƙi kan yi dariya su ce, magidanta da furfura a gemu, me ya haɗa ku da kayan wasan yara? Mu ma mukan taya su dariyar, mu zuba musu shayi, mu kawar da zancen, domin amsar tana da tsawo, kuma a lokacin mu kanmu rabinta kawai muka sani.

Ɗan tsanan farko da muka mallaka a duniya cinye shi muka yi. Idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, Baba yakan riƙe hannunmu zuwa filin Khalifa, kusa da ƙubbar Mahdi, inda ɗariƙu ke kafa rumfunansu na Maulidi. Shi rumfar Tijjaniyya ta kawo shi, mu kuwa idonmu na kan teburan masu alawa. Ga ta riɗi, ga ta gyaɗa, sannan can sama an jera amaryar Maulidi, 'yar tsanar sukari mai ado da takarda kala-kala, wadda ake saya wa 'yan mata, da dokin sukari da mahayinsa na yara maza. Doki ɗaya Baba ke iya saya mana. Mukan yi alkawarin ajiye shi har shekara ta zagayo, amma ba a kwana uku sai ka ga kunne ya ɓace, sai ƙafa, sai mahayin ya wayi gari ba kai. Babu wanda ya taɓa amsa laifin a cikinmu har yau.

Sauran watannin shekara kuwa hannunmu ne kantinmu. Idan Nilu ya janye bayan cikarsa, yakan bar baƙar laka mai danƙo a gaɓa, mu ɗebo ta a gwangwani mu gina shanu. Sai an yi wa bijimi tozo, an soka masa ƙaya biyu a matsayin ƙaho, an shanya shi a inuwa don kada ya tsage, sannan a kai shi fagen karo. Wanda ƙahon nasa ya fara karyewa ya sha kaye. Muna lanƙwasa waya mu yi mota, mu yanko tayoyi daga tsohon silifa, mu sa mata doguwar sitiyari da za mu riƙa tuƙawa muna tafe. Muna gare-gare da bakin tsohon keke. Dare ya yi, in akwai farin wata, mu shiga cikin 'ya'yan maƙwabta a yi wasan shilel, a jefa ƙashi cikin duhu kowa ya bazama nema.

Aikin kara kuwa a wurin Kaka muka koya. Takan zauna a kan tabarma a gindin rumfa, ta ɓare ɓawon karan dawa siri-siri, ta yayyanka farin cikinsa mai laushi, kafin ka ankara ta haɗa mota ko gado ko raƙumi, ba ƙusa ba zare. 'Yan matan gida kuma ta yi musu 'yar tsana da kara da tsumma, har da kitso. Tana aiki tana tsokanarmu: "Ku matso nan, mazajen banza, ko sisin cefane ba ku ba ni, sai cin tuwona." A bakinta muka ji cewa a hanya aka haife ta. Iyayenta na cikin dubban da suka baro ƙasar Hausa suka fuskanci gabas a shekarun da suka biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Suka keta Borno da Wadai da Darfur, suna tafiya suna yada zango, a yi noma shekara guda a sami guzuri a ƙara gaba. Niyyarsu Makka. Wasu sun isa, wasu suka zauna a Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, wasu suka shiga gonakin audugar Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, wasu kuma, irin namu, ƙafa ta kawo su Omdurman. Kaka ta rayu fiye da shekara tamanin, amma duk abin da ta mallaka zai shiga akwati ɗaya. Takan ce kayan da ya fi ƙarfin kanka ba naka ba ne, ajiya aka ba ka. In motar karanmu ta karye muka zo muna kuka, ba ta lallashi. Sai ta miƙo wani karan ta ce, "Ungo, gona ba ta ƙare ba."

A cikin gida Hausa muke yi, a waje Larabci. A gida ana kiranmu da sunayen da Kaka ta laƙaba mana, a makaranta da sunayen da ke cikin rajista. Yawancin lokaci babu wanda ya damu da wannan. Amma ranar da faɗa ya haɗa ka da wani yaro, ko motarka ta waya ta fi tasa kyau, sai ka ji an jefo kalmar nan, Fallata ko Takari, da irin muryar da ke nuna maka cewa kai baƙo ne, alhali kakarka ta riga kakarsa shan ruwan Nilu a garin. Duk wanda ya tashi a Ishash ko Mayo ko Umbadda ya san wannan muryar, ba sai mun kwatanta ba.

Ana nan sai talabijin ya shigo unguwa. Gida ɗaya ne ke da shi a layinmu, mai baƙi da fari, kuma da la'asar maigidan yakan fito da shi tsakar gida, yara su zauna a ƙasa sahu-sahu. A nan muka haɗu da Grendizer. Wani Bajapane mai suna Go Nagai ne ya ƙirƙiro shi a 1975, aka juya shi zuwa Larabci a Lebanon, ya mamaye zukatan yara daga Bagadaza har Khartum. Sauran yara ƙaton mutum-mutumin ƙarfen suke kallo, da ƙahoninsa da faifan da yake tashi a ciki. Mu ma shi muke kallo, amma akwai wani abu a labarin da ya riƙe mu fiye da haka, wanda sai da muka girma muka iya sa masa suna. Jarumin ɗan sarki ne da aka rushe ƙasarsu, ya gudo wata duniya, wani dattijo ya karɓe shi ya ba shi sabon suna, yana aiki a gona kamar kowa, yana ɓoye asalinsa. Amma duk ranar da maƙiya suka kawo hari, shi ne ke fita ya kare ƙasar da ta ba shi masauki. Yaro mai suna biyu ba ya bukatar a yi masa tafsirin wannan.

A 1982 Kawu ya dawo hutu daga Jidda, inda yake aiki kamar dubban 'yan Sudan da arzikin man fetur ya ja zuwa ƙasashen Larabawa. Cikin tsarabarsa akwai dabino da turare da 'yar kyamarar roba da ake leƙawa a ga hoton Ka'aba. Can ƙasan jaka kuma ya zaro Grendizer, tsawon tafin hannu, an buga Hong Kong a tafin ƙafarsa. Baba ya ɗaure fuska ya ce ba za a ajiye masa gunki a gida ba. Kwana biyu ɗan tsanan na kan katanga, mu kuma ko abinci ba ma iya ci. Malamin da ke koya mana allo ne ya raba gardamar. Ya tuna wa Baba cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana a ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har da doki mai fukafukai, kuma bai hana ta ba. Baba ya yi shiru, ya sauko da shi da kansa, ya ce, "To, amma in na ji an kira salla kuna riƙe da shi, rijiya zan jefa shi."

Mako guda muka yi muna sarauta a layin. Yaran da ke mana gori suka riƙa layi don a ba su su taɓa. Babu wanda ya kira mu da wani suna sai namu. Ba mu san mun koyi wani darasi a makon nan ba, amma mun koya, kuma ya zauna: cewa abin da ka saya yana sa a karɓe ka, abin da ka ƙera da hannunka kuwa na talaka ne. Daga ranar muka daina zuwa gaɓar kogi ɗiban laka. Kafin wata ya ƙare muka yi kokawa a kan wanda zai kwana da shi, hannunsa na hagu ya ɓalle, muka sha bulala tare.

Shekaru suka wuce, karatu da neman abinci da aure suka ɗauke mana hankali. Sai a 2004, bayan rasuwar mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, muna buɗe kwallayenta muka tarar da shi a naɗe cikin tsohon ɗankwali, da hannunsa ɗaya. Shekara 22 tana ajiye da shi ba ta taɓa faɗa ba. Muka zauna a ɗakin nan, manya da mu, aka rasa mai cewa uffan. A makon ne muka fara zagayen kasuwa.

Da farko mun ɗauka mu kaɗai ne masu wannan larura a duniya. Intanet ce ta nuna mana cewa abin har da tarihinsa da malamansa. Muka karanta cewa a 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da sojan G.I. Joe, mai gaɓoɓi masu motsi, ya kuma ƙi kiransa 'yar tsana don tsoron kada iyaye su ce ba za su saya wa ɗa namiji ba, sai ya ƙago masa wani suna na jarumta. Muka yi dariya, domin mu a Hausa ba mu da wannan matsalar, ɗan tsana ɗan tsana ne ko da bindiga yake riƙe. Muka san cewa kamfanin Popy na Japan ya fara zuba jarumansa da ƙarfe a 1974, Kenner ya fito da mutanen Star Wars a 1978, Mattel kuma ya kawo He-Man a 1982, shekarar da G.I. Joe ya dawo da ƙaramin jiki da bai kai tsawon yatsu biyu ba. Muka koyi juya ɗan tsana mu duba bayansa ko ƙafarsa, mu karanta shekara da ƙasar da aka yi shi, mu bambance na asali da jabu ta nauyin roba da tsabtar fenti.

Samunsu a Sudan kuwa sai mai haƙuri. Daga 1997 zuwa 2017 takunkumin Amurka ya rufe mana ƙofar saye ta intanet, ba kati ba hanyar biya. Sai dai mu bi masu gwanjo a kasuwar Libya, mu tsuguna muna tona buhunan da ake zubar da tarkacen ƙasan dila. Mu leƙa tsofaffin kantuna a cikin kasuwar Omdurman da Suk al-Arabi, inda wani lokaci akan tarar da kwali ya shekara talatin a saman kanta ƙura ta rufe shi. Mu roƙi 'yan uwa da ke Jidda da Alƙahira su duba mana. Akwai dattijon da ya sayar mana da jarumai shida a kuɗin kwanon wake, yana mana kallon tausayi.

Sannan ga yaƙi da yanayi. Zafin Khartum ba ya barin roba da rai. A cikin ƙugun kowane ƙaramin G.I. Joe akwai wani zoben roba da ke riƙe da ƙirji da ƙafafu, zafi na busar da shi ya tsinke, ka wayi gari sojanka ya rabu uku. Mun gano cewa zoben da masu gyaran famfo ke sayarwa a kasuwar Sajjana yana shiga daidai, sai mu kwance ɗan sukurin da ke bayansa mu sauya. Rana tana mayar da farar roba ruwan ɗorawa. In habub ta taso, ƙura na shiga ko ta ramin allura, sai mu kwana muna sharewa da burushin fenti. A daren Alhamis mukan haɗu, wa da ƙane, mu baje su a kan tabarma muna gyara muna hira. Gaskiya ita ce kabad ɗin ya riƙe zumuncinmu a shekarun da 'yan uwa da yawa suka watse.

Amma akwai abin da ba ma son tunawa, kuma saboda shi muka ɗauki alƙalami. Wata rana ɗan babbanmu, yana da shekara shida, ya buɗe kabad ya ɗauki soja ɗaya, ya cusa masa bindiga a hannu, babban yatsan ya karye. Aka yi masa faɗan da ya fi laifinsa. Washegari muka sayo kwaɗo. Tun daga ranar 'ya'yanmu suka koma kallon kayan wasa ta bayan gilashi, suna manna hanci, suna tambaya, "Baba, yaushe za a buɗe?" Mu ce sai sun girma. A wannan tsakanin ne kuma ilimin da muka tara ya nuna mana cewa Grendizer ɗin Kawu jabu ne, kwaikwayo ne mara daraja a idon masana, ga shi kuma da hannu ɗaya. Muka sami na ƙarfe, na asali, muka sa a gurbinsa. Shi kuwa tsohon muka miƙa wa autar gidan, muka ce ta je ta yi ta wasa.

Ranar Asabar, 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, muka tashi da ƙarar da ba mu taɓa ji ba. Ba sai mun ba ku labarin kwanakin da suka biyo baya ba, kowannenku yana da nasa. Mun daure makonni, ruwa ya yanke, wuta ta yanke, sannan muka fita da abin da kai zai iya ɗauka: takardu, magunguna, tufafi kala biyu. Babbanmu ya tsaya gaban kabad, ya taɓa kwaɗon ya tabbatar a kulle yake, ya sa makullin a aljihu. Mun ce mako biyu ne mu dawo. Muka sauka a Wad Madani. A watan Disamba yaƙin ya iske mu can, muka sake ɗaura kaya zuwa Gadarif. A bayan motar da ta kwashe mu ne maganar Kaka ta dawo mana, ta kayan da ya fi ƙarfin kai. Tafiyar da iyayenta suka fara shekara 120 da suka wuce, ga jikokin jikokinsu sun ci gaba da ita, kuma gabas ɗin dai suka nufa.

A Gadarif aka sauke mu a wata makaranta tare da iyalai masu yawa, kafin 'yan uwa Hausawan garin su sama mana ɗaki. A daren farko auta ta zaro wani abu daga cikin rigarta ta kwanta da shi a ƙirji. Grendizer ne mai hannu ɗaya. Babu wanda ya ce ta ɗauko, babu wanda ya san tana tare da shi duk tsawon watannin nan. Cikin 215, wanda muka kora daga kabad shi kaɗai ya tsira, kuma ya tsira ne don yana hannun yarinyar da aka bari ta so shi.

Yaran makarantar ba su da abin yi sai zama da firgita in mota ta yi ƙara. Lokacin girbi ne, kuma Gadarif ƙasar dawa ce, kara ko'ina. Wata safiya ƙaraminmu ya jawo kara ɗaya don ya kashe lokaci, ya fara ɓare shi. Shekara arba'in rabonsa da wannan aiki, amma yatsun ba su nemi izini ba. Kafin azahar ya haɗa mota, yara sun kewaye shi. Babbanmu ya kwaɓa baƙar ƙasar garin, mai danƙo kamar ta gaɓar Nilu, ya gina bijimi. Ɗansa, wanda aka yi wa faɗa a kan yatsan soja, yanzu saurayi, ya nuna bayan bijimin ya tambaya da Larabci mene ne wannan. Aka ce masa tozo. Bai taɓa jin kalmar ba. Bai san gare-gare ba, bai san langa ba. Ya san sunan kowane jarumi a cikin kabad da shekarar da aka yi shi, domin mun koya masa ta bayan gilashi, amma ba mu taɓa zaunar da shi mun miƙa masa kara ba. Nan muka ga girman abin da muka yi. Mun kashe shekara 19 muna adana yarintar 'ya'yan Amurka da Japan, tamu kuwa, wadda Kaka ta ɗauko a ka tun daga hanyar Wadai, mun bar ta a gaɓar kogi tun 1982.

A tsakiyar 2025, da hanya ta buɗe, ƙaraminmu ya koma Umbadda ya duba gida. Babu ƙofa, babu taga, har wayoyin wuta an zare daga bango. Waɗanda suka shiga sun ɗauke kabad ɗin, domin katako da gilashi suna da kasuwa. 'Yan tsanan kuwa juye su suka yi a tsakar gida. Rani biyu da damina biyu sun bi ta kansu. Wasu sun narke sun manne da juna, wasu sun yi fari fat sun rududduge, na ƙarfen sun ci tsatsa. Ya tsince abin da zai tsintu, guda 31, babu ko ɗaya mai cikakken jiki. Ya kira ta waya ya ce, "Yaya, makullin yana wurinka?" Babbanmu ya ce yana nan. Sai dukanmu muka fashe da dariya, irin wadda ke ƙarewa da share ido.

Mun san mutane sun rasa abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. An rasa rayuka, an rasa gidaje, gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum ma bai tsira daga wawaso ba. Kunya ce ta hana mu ba da wannan labari tun tuni, kada a ce ana kukan mutane wasu na kukan roba. Ba kuma za mu yi muku ƙarya mu ce mun daina son su ba. Har gobe in muka ga tsohon He-Man a buhun gwanjo, zuciya sai ta buga. Muna wanke guda 31 ɗin nan, muna sauya musu zobe, kuma in Allah Ya hore za mu ƙara. Sai dai kafinta ya riga ya karɓi umarni: kanta za a yi, buɗaɗɗiya, ba gilashi ba ƙofa, kuma tsayinta kada ya wuce ƙirjin yaro ɗan shekara biyar. A sahun gaba za a sa mai hannu ɗaya, idan auta ta yarda ta ba da aro. Kusa da shi bijimin laka da motar kara, waɗanda za su karye, a sake wasu.

Roƙonmu ga 'yan uwa, na Omdurman da Khartum da Bahri da duk inda guguwar nan ta watsa mu, shi ne wanda Allah Ya bar masa tsoho ko tsohuwa a gida ya kai musu kara da laka, ya tara yara, ya zauna tare da su. A tambaye su sunan kowane abu da Hausa, a sa yaran su maimaita. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsofaffin nan ba su da yawa yanzu.

Allah Ya jiƙan Kaka da iyayenmu da duk waɗanda muka rasa. Allah Ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya, Ya zaunar da Sudan lafiya. Amin.